Daga Bakin Ma'aikaciyar Jinya: Kunkurun Falonmu da Ranar da Gilashi Ya Tare

A wannan makon zan ɗan kauce daga maganar zazzaɓi da allurar riga-kafi da muka saba, in ba ku labarin wani majinyaci da na yi jinya a gidana. Ba ya kuka, ba ya nuna inda ke masa ciwo, kuma ni da hannuna na jefa shi cikin halin da ya shiga. Kunkuru ne. Na san wata za ta ce, "Haba Sista, duk abin da ke damun mutane, sai kunkuru?" Ki yi haƙuri ki bi ni. Yara da yawa yanzu suna ganin irin waɗannan dabbobi a YouTube suna matsa wa iyaye a saya musu, kuma kuskuren da na yi, duk uwar da ke zaune a gidan bene ko gidan da babu tsakar gida za ta iya yin sa.

Bara waccan ne Abban yara ya dawo daga tafiya da wani ɗan mitsitsin kunkuru a cikin kwali, wai a bakin hanya wani yaro ya tare shi da shi. Bai wuce tafin hannuna ba. Babban ɗana, mai shekara takwas a lokacin, ya yi ta tsalle, nan take ya raɗa masa suna Sarkin Gudu. A hawa na biyu muke zaune a Kaduna, ba mu da ko taku ɗaya na ƙasa, don haka na samo tsohon akwatin gilashi irin wanda ake zuba kifi, na shimfiɗa yashi, na ajiye shi a falo daidai tagar da ke kallon gabas. Kowace safiya haske yana zubowa a kansa, ni kuwa ina jin na kyauta masa. Abincinsa latas ne da kabeji da tumatir, wani lokacin yara su gutsura masa burodi ko su zuba masa ragowar shinkafa.

Haka aka yi wata bakwai. Sai na lura ya rage ci. Da can yana ɗaga jikinsa ya yi tafiya a kan ƙafafunsa huɗu, yanzu sai ya riƙa jan ciki, ƙafafun baya suna biyo shi kamar aro aka ba shi. Na ɗauka sanyi ne. Wata rana na dawo daga aikin dare, ban ko cire takalmi ba yaron ya tare ni a bakin ƙofa, idonsa ya cika da hawaye, ya ce, "Umma, bayan Sarkin Gudu ya zama kamar roba." Na ɗauke shi na danna ƙoƙon bayansa da babban yatsa a hankali. Sai ya lotsa, kamar ƙwallon da iska ta fara fita daga ciki.

Ƙoƙon jaririn kunkuru yakan ɗan yi laushi a watannin farko, wannan ba ciwo ba ne. Amma kamata ya yi kullum ya riƙa ƙara tauri. Namu baya yake komawa.

Washegari muka kai shi wurin likitan dabbobi. Ya juya shi, ya buɗe bakinsa ya taɓa muƙamuƙin, shi ma ya yi laushi. Sai ya tambaye ni, "Hajiya, yana shan rana kuwa?" Na ce sosai ma, ai a bakin taga yake wuni. Ya ce, "Tagar a buɗe, ko a rufe?" Na yi shiru. Ba don ban gane tambayar ba, sai don na gane ta fiye da yadda nake so. Abin da aka koya mini ne a makarantar koyon aikin jinya, na rubuta shi a jarrabawa, na ci, sannan na zo gidana na manta.

Abin da ke cikin rana wanda ido ba ya gani

Hasken rana ba abu ɗaya ba ne. Akwai wanda muke gani, akwai ɗumin da muke ji a jiki, akwai kuma wani sashe da idonmu ba ya kamawa, wanda ake taƙaita sunansa da UV. Shi ma kashi uku ne, gwargwadon tsawon zangonsa da ake aunawa da nanomita: UVA daga 315 zuwa 400, UVB daga 280 zuwa 315, sai UVC da ke ƙasa da haka. UVC ba ya isowa doron ƙasa, sararin sama yana tare shi, kuma gara haka, domin kisa yake yi. UVA yana zuwa da yawa, yana kuma ratsa gilashi. Ƙadangaru da kunkuru suna ganin sa da idonsu, yana taimaka musu wajen gane abinci da abokan tarayya.

Wanda ya shafi maganarmu shi ne na tsakiyan, UVB. Idan ya sauka a kan fata, ta mutum ko ta kunkuru, yana juya wani sinadari da ke cikin fatar ya zama matakin farko na bitamin D3. Ɗumin jiki ne ke ƙarasa shi, shi ya sa dabba mai sanyin jini take buƙatar hasken da zafin a wuri guda. Daga nan jini ya kai shi hanta ta sarrafa, ƙoda ta ƙara sarrafawa, sannan ya zama abin da ke ba hanji damar tsotso kalsiyam daga abinci. In babu shi, ko ka cika cikin dabba da kalsiyam, yawancinsa bayan gida zai bi. Jiki kuwa ba zai zauna babu kalsiyam a cikin jini ba, domin da shi zuciya take bugawa, da shi tsoka take motsi. Sai ya koma yana yagar na cikin ƙashi. Ƙoƙon bayan kunkuru ba riga ba ce da ya saka, ƙashi ne, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe suka zama shi. Abin da na danna ya lotsa ke nan.

Gilashin taga na yau da kullum yana barin haske da ɗumi su wuce, amma yana tare kusan dukkan UVB. Sarkin Gudu kuwa gilashi biyu ne tsakaninsa da rana, na taga da na akwatinsa. Wata bakwai yana kwance cikin haske, amma a wurin ƙashinsa daidai yake da wanda aka kulle a ɗaki mai duhu. Abincin da muke ba shi ya ƙara dagula lamarin, domin latas ruwa ne kawai, burodi da shinkafa kuma ba abincinsa ba ne ko kaɗan.

A ƙadangaru ciwon yakan fito da wata kama: muƙamuƙi ya kumbura ya yi laushi, yatsu su riƙa karkarwa, ƙashin baya ko wutsiya ya karkace, ƙafa ta karye ba tare da an buge ta ba. Mace kuma ƙwai yakan maƙale mata. Mugun abin shi ne ba ya zuwa da gaggawa. Kafin ki ga alama, an yi watanni ana ɓarna a ciki.

Inda fitilar ta samo asali

A daren nan na kira ƙanwata da ke aure a Landan, don na tuna ɗanta yana kiwon wani ƙadangaren Ostireliya mai ƙayoyi a maƙogwaro kamar gemu. Da na ba ta labari sai ta yi dariya, ta ce, "Yaya, ku da Allah Ya ba ku rana kyauta! Mu nan da kuɗi muke sayen ta, kuma duk shekara sai mun sake saya." Ta juya kyamarar waya ta nuna mini akwatin dabbar: doguwar fitila a sama, wani ƙwai mai ba da zafi a gefe guda, ga wani ɗan agogo a jikin soket da ke kunna su da safe ya kashe da dare.

Wannan fitilar ta ƙasashen sanyi ce, can aka ƙirƙiro ta don matsalar can. A Ingila, daga watan Oktoba zuwa Maris, rana ba ta yin sama sosai, UVB ɗin da ke isowa ƙasa bai isa fata ta yi bitamin D ba, ga sanyin da ba zai bari a fitar da dabbar hamada waje ba. Amma mutanen can da na Amurka da Jamus suna kiwon ƙadangaru da macizai da kunkuru a cikin ɗaki, har da tsaka. Eh, tsaka, wadda mu muke bi da takalmi, can akwai wata mai ɗigo-ɗigo, 'yar asalin yankin Pakistan da Afghanistan, da ake saye da kuɗi a raɗa mata suna. Shekaru da dama dabbobin nan suna mutuwa da laushin ƙashi kafin a gane cewa ƙwan lantarki na gida ba ya maye gurbin rana.

Abin da ya ba ni sha'awa da na zauna na karanta shi ne yadda aka gano adadin hasken da kowace dabba take so. Wani masani a Amurka, Gary Ferguson na jami'ar Texas Christian, shi da abokan aikinsa suka shiga daji da na'urar auna ƙarfin UV. Duk inda suka tarar da ƙadangare ko maciji yana zaune, sai su auna hasken da ke daidai wurin. A 2010 suka wallafa sakamakon, suka raba dabbobin gida huɗu. Na farko masu fitowa da magariba ko zama a inuwa, waɗanda matsakaicin abin da suke samu bai wuce 0.7 a ma'aunin UV ba. Na biyu masu leƙa rana jefi-jefi. Na uku masu shanya jiki da safe ko cikin rana mai ratsa ganye, daga 1.0 zuwa 2.6. Na huɗu su ne masu iya zama a tsakar rana, kamar jan gwadan da ke kan katangar gidanku yana gyaɗa kai. A 2016 wata likitar dabbobi a Birtaniya, Frances Baines, da abokan aikinta suka faɗaɗa wannan tsari zuwa nau'in dabbobi fiye da 250, don amfanin gidajen namun daji. Yau kamfanonin da ke yin fitilun suna buga wannan rabe-raben a jikin kwalinsu.

Darasin da ke ciki shi ne ba fitila ɗaya ce ta dace da kowa ba. Hasken da zai wadatar da kunkurun hamada zai cutar da tsaka, wanda ya ishi tsaka kuma yunwa ce ga kunkuru. Kuma ko masu son ranar ba wuni suke yi a cikinta ba. Su sha, su koma inuwa, su sake fitowa. Dabbar ta fi mu sanin adadin da take so, in dai an ba ta zaɓi.

Ga masu karatunmu da ke zaune a Turai ko Amurka, waɗanda ba su da makawa sai fitilar, ga abin da ya kamata ku riƙe. Wadda masana suka fi yabawa ita ce doguwar fitila siririya da ake kira T5, mai farantin ƙarfe mai sheƙi a bayanta da ke mayar da hasken ƙasa. Kamfanoni irin su Arcadia da Zoo Med suna yin ta da ƙarfi iri-iri, za ki ga an rubuta 6% ko 12%, ko kuma 5.0 ko 10.0. Ƙaramar lamba ta masu son inuwa ce, babba ta 'yan hamada. Akwai kuma wani babban ƙwai da ke haɗa zafi da UVB a wuri guda, sai dai shi sai a babban keji, domin yana da zafi ƙwarai. Ƙananan masu murɗaɗɗen gilashi suna haska ɗan wuri kaɗan ne, kuma an taɓa samun wasu daga cikinsu da suka riƙa ƙona idon dabbobi, idon ya kumbura ya rufe.

Tazara ita ce rabin aikin. Ƙarfin UVB yana raguwa da sauri da zarar an yi nisa da fitilar. Mai ƙarfi irin ta 'yan hamada yawanci ana rataye ta kamar santimita 30 zuwa 45 daga bayan dabbar, amma kowace tana zuwa da jadawalinta a jikin kwali, shi za ki bi. Kada gilashi ko roba su shiga tsakani. Ko ragar waya irin ta sauro tana cinye kaso mai yawa na hasken. A sa ta gefe ɗaya da ƙwan zafi, kada ta mamaye dukkan kejin, a bar ɗaya gefen da inuwa da maɓoya. Ta yi awa 10 zuwa 12 a kunne, da dare a kashe komai mai haske.

Sai wurin da ya fi cin mutane. Fitilar nan tana mutuwa alhali tana ci. Hasken da idonki yake gani zai ci gaba da fita fes, amma UVB ɗin yana raguwa a hankali har ya zama babu. Tsohuwar samfurin mai kauri, T8, bayan kamar wata shida ake canza ta, T5 kuma bayan kamar shekara. Ƙanwata da maka take rubuta ranar da ta saka sabuwa a jikin fitilar, kamar yadda muke rubuta ranar da muka buɗe kwalbar magani a asibiti. Masu hali suna sayen na'urar aunawa, wadda aka fi sani ita ce Solarmeter 6.5, su riƙa dubawa da kansu.

Ba kowace fitila mai suna UV ba ce

Nan ne nake so ku buɗe kunne, har da waɗanda ba su da niyyar kiwon komai. Da na shiga shagunan intanet ina neman fitilar, na ga abubuwa barkatai duk an rubuta musu UV. Fitilar da ake duba jabun kuɗi da ita, da wadda ake busar da farcen kanti, da shuɗiyar nan mai kashe ƙudaje a gidajen abinci, duk UVA suke fitarwa, ba za su yi wa ƙashin dabba komai ba. Shuɗiyar fitilar da muke sa jarirai masu shawara a ƙarƙashinta a asibiti ita ma daban ce, shuɗin haske ne da ido ke gani, ba UV ba.

Mai haɗarin ita ce fitilar kashe ƙwayoyin cuta, mai fitar da UVC. Ta yi yawa a kasuwa tun lokacin korona. A asibitin da ake amfani da irinta, sai an fitar da kowa daga ɗakin an rufe ƙofa kafin a kunna. Mintoci kaɗan a gabanta sun isa su ƙona fata da fatar ido. Ciwon ba ya tashi nan take, sai bayan wasu awanni mutum ya ji kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye na zuba, ya kasa kallon haske. Ki yi tunanin an rataya wannan a falo, a kan akwatin da yaro yake manna fuskarsa a jiki. Idan kwalin fitila ya ambaci kashe ƙwayoyin cuta ko tsabtace ruwa, ko kuwa babu sunan kamfani babu jadawalin tazara, kada ta shigo gidanki da sunan fitilar dabba.

Ko ta gaskiyar ma ba abin wasa ba ce. A rataye ta yadda hasken zai sauka ƙasa kai tsaye, ba yadda zai bugi idon yaro da ke zaune a kan kafet ba. In ta fashe, akwai ɗan sinadarin makuri a ciki, sai a fitar da yara, a buɗe tagogi, a kwashe da kwali, ba da hannu ba.

Kuma don na san halinmu: ba a haska wa yaro ita. Ƙanwata ta ce wata maƙwabciyarta ta taɓa tambayar ta ko za ta iya zaunar da jaririnta a gaban fitilar ƙadangaren tunda babu rana. A'a. Hukumar lafiya ta Ingila, NHS, abin da ta ce shi ne a riƙa ba yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu maikirogiram 10 na bitamin D kowace rana duk shekara, jarirai masu shan nono kuma 8.5 zuwa 10, sannan ta shawarci masu duhun fata irinmu su riƙa sha duk shekara. Ɗigo ne a baki, ba fitila ba.

Ba zan ɓoye muku ba, lokacin da nake danna ƙoƙon nan yana lotsawa, yaran da nake gani a wurin aiki ne suka faɗo mini a rai, masu ƙafar baka ko gwame, wuyan hannu a kumbure, ga jinkirin tafiya. Ciwon ɗan uwan wannan ne. Sai dai a wurinmu sau da yawa ba rana ce ta yi ƙaranci ba. Wani bincike da Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya duba yara 123 masu wannan ciwo, ya tarar kalsiyam ɗin da suke samu a abinci kusan miligiram 200 ne kawai a rana, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Yaron da aka yaye a kan koko da tuwon masara, babu madara babu nono babu ƙananan kifi, yana iya wuni a rana ƙafarsa ta lanƙwashe. Wannan magana ce mai zaman kanta, zan ware mata mako guda.

Mu da muke da rana

Na koma wurin likitan dabbobin da hoton fitilar a wayata, na ce ko in sa a aiko mini da ita. Ya ce, "Hajiya, wutar awa nawa kuke samu a unguwarku?" Nan maganar ta mutu. Fitilar da ake so ta yi awa goma sha biyu a kunne kullum, a garin da za a iya kwana biyu ba a kawo wuta ba, sai dai in za ki ɗora ta a kan sola, ki kuma riƙa yin odar sabuwa daga waje duk shekara. Alhali da tsakar rana a ƙasar Hausa ma'aunin UV yakan haura 11 a lokacin bazara, abin da babu fitilar da ake so ta kai a cikin keji. A ganina, duk wanda ke zaune a Kano ko Zinder ko Maiduguri ya sayi wannan fitila don kunkuru, ya bar jaki ne yana dukan taiki. Matsalarsa ba rashin fitila ba ce, wurin da ya ajiye dabbar ne.

Likitan ya gaya mini namu irin kunkurun Sahel ne, mai ƙaho-ƙaho a cinyoyin baya, wanda ake samu daga Senegal har zuwa Sudan da Habasha, ya ratsa Nijar da Chadi da arewacin Najeriya. Shi ne na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Wannan ɗan abin da ke tafin hannuna zai iya haura kilo 50, ya kuma yi shekaru fiye da hamsin. Irinsa ne Alagba, kunkurun fadar Soun na Ogbomoso da ya mutu a 2019, wanda fadar ta ce ya shekara 344, ko da yake masana dabbobi ba su yarda da lissafin ba. A daji rami yake haƙawa mai zurfi, ya fito da safe ya sha rana ya ci ciyawa, rana na take ya koma ciki. Ƙungiyar IUCN mai sa ido kan halittu ta sa shi cikin waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma kama su daga daji ana sayarwa na cikin dalilan. Na gaya wa Abban yara, ko kyauta aka ba shi wani a bakin hanya kada ya karɓa.

Maganin da aka ɗora mu a kai ba shi da tsada. Likitan ya ba shi kalsiyam na ruwa da za a riƙa ɗiga masa a baki, ya kuma gargaɗe ni kada in yi karambanin ba shi bitamin D na mutane, domin in ya yi yawa kalsiyam yakan taru a ƙoda da jijiyoyin jini ya kashe dabbar. Wanda fata ta yi da kanta a rana ba ya wuce kima, jiki yana da birkinsa. Aka canza abinci ya koma ciyawa da harawa, da ɗan ganyen zogale, a barbaɗa garin ɓawon ƙwai da aka tafasa aka busar aka daka. Latas da tumatir suka zama na marmari, burodi da shinkafa aka hana gaba ɗaya.

Sai rana. Kowace safiya wajen ƙarfe tara zuwa goma, yaron ko ni mu sauko da shi ƙasa, rabin awa zuwa awa ɗaya. Ranar sassafe mai daɗin nan ba ta da UVB sosai, sai ta ɗan ɗaga. Idan inuwarki ta fara gajarta ta kusa tsawonki, to an shiga lokacin. Amma a nan ma akwai tarko, kuma wannan tarkon ya fi laushin ƙashi saurin kisa. Kada a fitar da shi a cikin akwatin gilashi ko robar wanka a ajiye a rana. Tanda ke nan, cikin ɗan lokaci zai dafu. A ƙasa ake sa shi, inda rabin wurin rana ne rabi inuwa, da ruwa a faranti marar zurfi, domin irinsa ba ya iyo. A kuma tsaya a kansa. Shirwa da hankaka da kare duk suna ɗaukar ƙarami, in kuwa ya kife a bayansa a cikin rana babu mai juya shi, shi ke nan.

Abu na ƙarshe da ya sa na yanke shawarar da yarona bai so ba, ya shafi ƙanwarsa mai shekara biyu. Kunkuru da ƙadangaru da macizai suna ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, tana fita a kashinsu ta shafi jikinsu da duk inda suka taka. A jikin ƙaramin yaro tana kawo gudawa da zazzaɓi, wani lokacin ta shiga jini. Tun 1975 Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru da tsawon ƙoƙonsu bai kai inci huɗu ba, wato kamar santimita 10, saboda yara suna sa su a baki. Hukumar CDC ta can tana ba da shawarar kada a ajiye irin waɗannan dabbobi a gidan da ke da yaro ƙasa da shekara biyar. Ni kuwa ga shi a falona, a kan kafet ɗin da 'yata take zama ta ci biskit, kuma a wurin wanke-wanke nake wanke farantinsa. Wannan ya fi maganar gilashin ba ni kunya. In akwai shi a gidanki, wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa, kada ya shiga kicin, kayansa a wanke su a waje da bokitinsu daban.

Bayan wata biyu muna hawa da sauka da shi, ya fara ɗaga jiki yana taka ƙafafun baya, sai muka kai shi gidan Hajiyarmu a Zariya, inda akwai tsakar gida mai ƙasa. An kewaye masa wuri da bulo a gindin bishiyar lemo, rana tana samun rabinsa har azahar. Da hunturu ana shigar da shi ɗakin ajiya da dare, domin irinsa ba ya jure sanyi. Yaron ya yi kwana uku ba ya yi mini magana sosai, yanzu kuwa kowace Asabar ta ƙarshen wata shi ne farkon shiga mota.

Ƙoƙon ya yi tauri, na danna da ƙarfina bai motsa ba. Amma gefen baya na hagu ya riga ya lotsa, kuma likitan ya ce haka zai girma da shi. Wancan zuwan da muka yi, mun tarar ya fara haƙa rami a ƙarƙashin bulon, Hajiya tana faɗa wai zai rushe mata katanga.